Zuwa Sakkwato a Cikin Tanderu

Ɗan kawuna ne ya sayi motar, ni kuwa tsautsayi ya mai da ni direbanta. A Sakkwato yake aiki, can ya sami mata, ya kuma ƙwallafa rai sai da wannan mota zai je wajen ɗaurin aurensa. A hannun wani dillali a Kaduna ya saye ta, aka kawo ta gidanmu a Zariya aka ajiye, ta yi mako biyu a ƙofar gida yaran unguwa suna zagaya ta suna leƙe. Da biki ya matso sai ya kira ni ya ce, "Yaya, kai kaɗai na yarda ka taɓa min ita." Raina ya yi fari, ban ɓoye ba. Na ɗauki ƙanena ya raka ni.

Ƙaramar mota ce ta gudu, irin mai ƙofa biyu da kujera biyu kacal. Hancinta dogo, inji a gaba, tayoyin baya ke ja, giyar hannu. Rufinta baƙin tamfol ne da ake naɗewa baya, kujerun baƙar fata, gaban motar ma baƙi. Shiga cikinta kamar zama a kan tabarma ne ka miƙe ƙafa, in ka sa hannu ta ƙofa kana iya taɓa kwalta. Ta hannu ce, daga Amurka aka shigo da ita. Tsakanin direba da fasinja akwai wani tudu mai tsawo da ya raba motar biyu, wanda sandar giya take a kansa. A lokacin ban ɗauki tudun nan a bakin komai ba, wurin ɗora gwiwar hannu kawai.

Tsakiyar watan Afrilu ne. Duk mai hankali zai ce a yi sammako a isa kafin rana ta take, ko a bari sai dare. To amma wanda ya san hanyar Funtuwa zuwa Gusau a 'yan shekarun nan ya san ba a yi mata sammako, ba a kuma bari magariba ta riske ka a kanta. Sai gari ya waye sosai, motoci sun yawaita, sannan ka bi ayari. Wato 'yan bindiga sun zaɓa wa matafiya lokacin tafiya, kuma lokacin shi ne tsakar rana. Daga Zariya zuwa Sakkwato kusan kilomita 400 ne. Muka tashi ƙarfe 8:00 na safiyar Laraba, lissafi ya nuna rabin tafiyar na biyu zai faɗo tsakanin azahar da la'asar.

Har Funtuwa babu abin da ya dame mu sai tuddan rage gudu. Kowane ƙauye da nasa, wasu kamar kunyar dankali. Sai na karkace motar na hau a gicciye, duk da haka in ji ƙurrr a ƙasa, ƙanena ya runtse ido. Esi na aiki, sanyi na ratsa mu, muna ta hira.

Bayan Tsafe ne na fara jin ƙafata ta dama tana ɗumi. Ba duk ƙafar ba, gefen sha-raɓa da ke jingine da tudun nan. Na janye, amma ina za ka kai ƙafar totur a mota mai kamar akwati? Kafin dutsen Kwatarkwashi ya bayyana, ɗumi ya zama zafi. Kan sandar giyar na ƙarfe ne, na kai hannu zan sauya na janye da sauri, sai da na naɗe shi da hankici. Ƙanena ya ɗaga robar ruwan da ya ajiye a ramin kofi, ya kurɓa, ya ce, "Yaya, wannan ai sai a zuba ganyen shayi." Abin mamakin shi ne fuskokinmu na shan sanyi. Sama hunturu, ƙasa murhu.

A Gusau na yi kuskuren da kowa ke yi. Na tsaya wajen wani mai gyaran esi a bakin titi, na ce sanyi ya ragu. Bai tambaye ni komai ba, bai duba komai ba, ya ce gas ne. Ya jona tiyo ya ɗura mata gwangwani guda, ya sa tafin hannu a bakin hujin iska ya ce in ji. Na ji sanyi kuwa, don motar tana inuwa kuma ta huta. Na biya shi har da godiya.

Daga Gusau zuwa Sakkwato kilomita 200 ne da 'yan kai, ta Bunguɗu da Maru da Talatar Mafara. A nan aka yi ta. Allon motar ya nuna zafin waje 111, na ce wa ƙanena ma'aunin ma ya haukace. Shi da yake ɗalibin kimiyya ne ya yi dariya ya ce ma'aunin Amurkawa ne, ya buga a waya, ya ce 44 kenan a namu. Gaba kwalta sai ƙyalli take, kawalwalniya na gudu muna bin ta. Gonaki fayau, an share ana jiran ruwa, guguwa na tashi da kara da leda jefi-jefi. Sai esi ya shiga wani sabon hali: ya yi sanyi minti biyu, ka ji ƙas, ya koma hura iska mai ɗumi, can ya dawo. Tun yana dawowa da wuri har ya zama sai ya ga dama.

Muka sauke gilasai. Na ɗauka ko ba komai iska za ta zagaya, ashe na ƙara wa wuta itace. Wadda ke shigowa ta taga kamar daga bakin maƙera, sannan wata sabuwa ta fara busowa daga gindin sandar giya, mai warin ƙonannen mai, tana hawa cikin hannun rigata. Ƙanena ya ce a buɗe rufin gaba ɗaya. Muka tsaya muka naɗe shi. Ba mu yi kilomita 5 ba muka sake tsayawa muka mayar, don rana ta sauko mana a ƙoƙon kai kai-tsaye, fatar kujera kuwa inda babu jiki a kai ba ta taɓuwa.

Abin da ya cece mu tsohuwar dabara ce. Muka sayi jakar fiyawata a Mafara, na jiƙa tawul na shimfiɗa a kan tudun tsakanina da shi, muka jiƙa hula da wuyan riga. Iskar bazara a wannan yanki busasshiya ce ƙarau, ruwa na bushewa nan take yana tafiya da zafi, yadda randa ke sanyaya ruwanta. Tawul ɗin kan bushe cikin kwata, ƙanena ya fasa wata leda ya sake jiƙawa. Aikinsa kenan har Sakkwato.

Wajen Tureta kaina ya fara sarawa, na ga gara in tsaya. Na sauka daga titi na nufi inuwar wani dogon yaro, na faka a kan busasshiyar ciyawa. Wani dattijo mai sayar da albasa ya taso da sauri yana ɗaga hannu, ya ce in matsar da ita kan tsurar ƙasa, ya taɓa ganin mota ta tayar da gobara a haka. Na matsa. Muka yi sallah, muka sha fura, ya ba mu tabarma muka ɗan kishingiɗa. Yara suka kewaye motar, wani ya ce wa ɗan'uwansa in ya girma irinta zai saya. Na dubi ƙafata da ta yi ja kamar an zuba mata ruwan zafi, na ce a raina, yaro, kallon kitse kake wa rogo.

Muka wuce Dange da Shuni, muka shiga ta Kwannawa bayan la'asar. Ango na tsaye a ƙofar gida a Mabera da abokansa. Ya zagaya motar sau biyu yana shafa ta kafin ya tuna ya gaishe ni. Na miƙa masa makulli na ce ya shiga ya ɗora hannu a tsakiya. Ya ɗora. Bai ce komai ba, sai ya juya ya tambayi abokinsa lambar wani bakanike.

Washegari da hantsi muka kai ta. Garejin fili ne da rumfar kwano da rami guda, mai shi dattijo ne da kowa ke kira Baba, siriri, da tabarau ɗaure da zare. Na fara ba shi labarin esi, ya katse ni.

"Ina zahin yaf fi cin ka, bisa ko ƙasa?"

Na nuna masa ƙafata. Ya duba, ya gyaɗa kai.

"Wanga zahi ba na rana ba na. Daga ƙasa shika tasowa. Ku hau da ita rami."

Hawa ramin ma sai da aka jera katako. Ya sauka da tocila, ya kira ni in sauko in gani da idona. A nan na fahimci abin da na yini ina jingina da shi. Tudun nan rufi ne kawai, a cikinsa giyabos yake kwance, sandar da ke kai ƙarfi tayoyin baya ta bi ta ciki, bututun salansa kuma ya bi ta gefensa, bai fi faɗin tafin hannu tsakaninsa da ƙarfen da ƙafata take ba. Daidai nan kuma akwai tukunyar tace hayaƙi, wadda bakanikai ke kira indomi saboda abin da ke cikinta. Ita wannan ba ta aiki sai ta yi zafi, daga digiri 400 zuwa sama take zama in mota na tafiya. Na tuna dattijon Tureta da ciyawarsa.

Baba ya haska wasu ƙusoshi huɗu da ke leƙowa daga ƙasan motar, kowanne da ɗan guntun farin ƙarfe maƙale kamar an yage takarda. Ya ce nan akwai farantin alminiyam da kamfani ke sawa tsakanin salansa da jikin mota, ya tare zafi. Babu shi. Ya kankare tsatsa da farce ya nuna mini, ya ce motar daga garin ƙanƙara ta fito. Can suna watsa gishiri a titi lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke, gishirin ya ci farantin ta wajen ƙusoshi, ya saki ya fara kaɗawa yana ƙara, wani ya gaji da ƙarar ya fizge shi ya yar. Wanda ya fizge bai yi asarar komai ba, ƙila ma ƙafarsa ta ji daɗi a hunturunsu. Ni na biya bashin a Maru.

Sai ya haska sama, gindin sandar giya. Ƙarƙashin fatar adon da ake gani daga ciki akwai wata roba mai kauri da ke toshe ramin. Ta tsage gida biyu, ina hango rufin motar ta ciki. Na ce masa da na buɗe taga abin ya ƙaru. Ya ce awo, haka za a yi, iskar da ke wucewa ta taga tana zuƙe ta cikin mota, mota kuma ta janyo wata ta duk hujin da ta samu, ga huji a kan murhu. Ya tambaya ko kaina ya yi ciwo. Na ce ya yi. Ya bi bututun da hannu yana neman inda hayaƙi ke fita, ya sami wata gaɓa da ta yi baƙi. Wannan ne ya fi tsorata ni a duk abin da ya nuna mini, don hayaƙin mota yana da guba marar wari da ke sa barci, ni kuwa na ɗauka rana ce kawai ta sa ni layi a Tureta.

Muka fito daga rami ya koma gaba. Ya sa yaronsa ya kwance robar hancin motar. Esi, in ji shi, kwasar zafi yake daga ciki ya kai waje, kamar mai kwalfe rijiya, wurin zubarwar kuwa shi ne kwandensa da ke gaban lagireto. Nata kwandensan a toshe yake da ƙura da ƙaiƙayi da fukafukan fara, har da ledar alewa. Ga bakin motar a ƙasa-ƙasa, iskar da take shaƙa ita ce wadda ke kwance a kan kwalta, wadda ta fi ta sama zafi nesa ba kusa ba. Ya jona agogonsa na awo, allura ta haura. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Wa yaƙ ƙara mata gas?"

Na ce wani ne a hanya.

"Da ma ba ta rasa gas ba. Cikinta ya cika, an ƙara mata tuwo."

In gas ya yi yawa kuma kwandensa ba ya samun iska, matsi na hawa, akwai makunnin da ke kashe kwampreso, wato famfon da ke tura gas ɗin, don kada wani abu ya fashe. Shi ne ƙas ɗin da na riƙa ji. Wato kuɗi na biya a Gusau aka lalata mini ɗan sanyin da nake samu. Ba na ma ganin laifin mutumin sosai. Mu ne muke zuwa da maganar gas a bakinmu, shi kuma gas yake sayarwa.

Na ɗauka an gama, sai ya ce saura ɗaya. Ya kashe esi, ya murɗa maɓallin zuwa sanyi ƙarshe, ya sa hannuna a hujin iska na wajen ƙafa. Ɗumi. Ya ce bayan dashbod akwai wani ƙaramin lagireto na hita, ruwan inji mai zafin kusan digiri 90 yana ratsa shi kullum ko an kunna ko ba a kunna ba, wani ɗan murfi ne kawai mai soso a baki yake tare iskarsa. Soson ya ruɓe da tsufa, zafi na sulalowa yana gauraya da sanyi. Gyaran gaskiya sai an sauke dashbod gaba ɗaya, aikin kwana biyu, ga biki gobe. Ya ce zai cire tiyo biyun da ke shiga hitar ya haɗe su da juna a wajen inji, ruwa ya daina shiga ɗaki. Na ce to ranar sanyi fa? Yaran gareji suka fashe da dariya. Baba bai yi ba, ya ce akwai sanyi a Sakkwato lokacin hunturu, amma ba wanda riga ba ta magani ba. Abin da ya gargaɗi ango a kai daban ne: direbobi kan kunna hita in inji ya ɗau zafi a hanya don ta rage masa, to wannan dabarar ta tafi, sai ya riƙa sa ido a allura.

Wani abokin ango ya sa baki ya ce a cire tamostat ma, wato abin da ke daidaita zafin inji, a haɗa fanka kai-tsaye, kowa haka yake yi. Baba ya ce shi ba ya yi. Injin bai yi laifi ba, allurarsa ba ta motsa ba tun daga Zariya, mutanen ciki ne suka dahu. Na ji daɗin wannan magana fiye da yadda zan iya faɗa, don na sha ganin an je da ciwon ƙafa an dawo an yanke hannu.

Ya ce mu dawo bayan la'asar. Na hau agwagwa da buje, sunan da Sakkwatawa suka sa wa Keke Napep, na nufi cikin gari. Na ziyarci Hubbaren Shehu, inda aka binne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya rasu a 1817, na yi addu'a, na bi ta gaban fadar Sarkin Musulmi a ƙafa. Kafin azahar gari ya fara janyewa. Masu shago sun saki labule, 'yan kabu-kabu sun jeru a gindin dogon yaro kowa ya kwanta a kan babur ɗinsa, wani raƙumi ya durƙusa a inuwar katanga yana tuƙa. Ba mai gardama da rana a nan. Wani ɗan'uwan amarya ya ja ni zauren gidansu na ƙasa a tsohon gari, bango mai kaurin kamu guda, ƙofa ƙarama, randa a lungu. Babu wuta a unguwar, babu fanka, amma na yi barcin da ban yi ba daren jiya a ɗakin siminti.

Da na koma an wanke kwandensa, an rage gas zuwa awon da ke rubuce a takardar da ke manne ƙarƙashin bonet, an ɗaure gaɓar salansa. Farantin kuwa babu irinsa a kasuwa, sai Baba ya aika aka sayo fallen alminiyam wajen masu ƙera tukwane, ya yanka ya lanƙwasa. Na lura bai manna shi da jikin motar ba, ya sa wasu 'yan zobba ya bar tsakani kamar kaurin yatsa. Ya ce ba ƙarfen ke aikin ba shi kaɗai, iskar da ke wucewa tsakani ita ce rabin maganin. Robar giya ya yanko daga tsohon tib na babbar mota, ninki biyu. A ƙarƙashin kafet ya shimfiɗa irin abin da ake sawa a silin mai fuskar azurfa.

Na ce gwaji da yamma ba gwaji ba ne. Ranar Juma'a da ƙarfe 11:30 na ɗauki ango muka bi hanyar Illela har Kware muka juyo. Allo ya nuna 108. Tudun ya yi ɗumi, ɗumin da za ka iya barin hannu a kai. Esi bai yanke ko sau ɗaya ba. Amma kada in yi ƙarya, motar ba ta zama firji ba. Baƙin tamfol ba shi da kaurin da zai tare rana, kana jin ta a tsakar ka, gilashin gaba kuma a kwance yake yana zuba ta a cinya. Muka tsaya sayen ƙanƙara minti goma, muka dawo sitiyari ba ya taɓuwa. Na ce masa ya nemi farin mayafin mota da abin tare gilashi, ya riƙa buɗe ƙofofi iska ta fita kafin ya shiga, in kuma zai sa gilashi mai duhu ya fara neman takardar 'yan sanda.

Bayan sallar Juma'a aka ɗaura aure. A nan wata matsalar da Baba ba shi da maganinta ta fito: babbar rigar ango ta sha sitati, ta ƙi shiga motar. Sai da abokai biyu suka tattare ta suka cusa masa a cinya, hularsa na gogar rufi, ya cire ya riƙe a hannu. Ni na ja shi, a giya ta ɗaya, cikin jerin gwanon da bai wuce saurin mai tafiya a ƙasa ba, ina satar kallon allurar zafi yana ɗaga wa mutane hannu.

Sai bayan isha'i na ga abin da aka ƙera ta dominsa. Na karɓi makulli, ni da ƙanena muka naɗe rufin, muka bi hanyar jami'a ta Dundaye. Da muka gangara fadamar Rima iska ta sauya, ta zo da ɗanshi da ƙanshin albasa da jiƙaƙƙiyar ƙasa, kwaɗi na kuka ta ko'ina. Na taka ta kaɗan a kan gada, ta amsa. Ƙanena ya miƙa hannu sama yana ihu kamar yaro. Muka je muka dawo sau biyu.

Asabar da safe muka tafi tasha muka shiga motar haya, mu huɗu a kujerar tsakiya, gilasai a sauke. Fatar sha-raɓata ta yi mako guda tana saɓulewa.